Rabin Hektar Inna Hajo

Birnin Ƙonni

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Yamai lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, kuma zaman gidan gwaggonki ya karɓe ki. Allah ya tsare ki a ɗaki da kan hanya da wurin aiki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin wanda kinka sani da wanda ba ki sani ba. Innarki na gaishe ki. Ta ce in rubuta miki labarin gida, na ce wannan sai ta faɗa miki da bakinta a waya, ni wata magana ce dabam ta zaunar da ni.

Za ki yi mamakin ganin takarda da bik daga hannun mutumin da ya shekara ashirin yana gyaran waya. Kin san bakina yana da nauyi wurin wasu maganganu, hannuna ya fi shi sauƙi. Kuma takarda ba ta katse mutum.

Kwana biyu kafin tafiyarki, bayan la'asar, kina zaune a shagona kina jiran in sallami wani mutum, kinka buɗe ordinatar, kwamfutar nan tawa, kina duba shirin da na rubuta wa ƙungiyar masu garka ta Badagishiri, wanda suke rubuta sunayen masu karɓar irin albasa da shi. Kinka ɗora yatsa kan layi ɗaya kinka ce, Baba, wanga layi zai zubar da duk wanda garkarsa ba ta kai hekta guda ba, in an rubuta girmanta da waƙafi. Abin da na mayar miki ina tune da shi sarai. Na ce tun kina goye nake hulɗa da injuna, kuma karatun shekara uku a jami'a bai kai ɗiya ta koya wa ubanta haɗiyar tuwo ba. Kinka rufe ordinatar. A tasha kin durƙusa kin gaishe ni kamar kullum, amma ba ki ɗaga ido kin dube ni ba, ni kuma na yi kamar ban lura ba.

Zan zo kan wannan layi. Amma bari in faro daga baya, tunda aikin da anka ɗauke ki shi ne rubuta irin waɗannan fom da mutane ke cikawa, sai dai naki mutanen za su fi nawa yawa nesa ba kusa ba.

Kin san ban wuce aji uku na koleji ba. Na yi karen mota a bayan kamiyon suminti tsakanin Malbaza da Tawa, na koyi gyaran rediyo, daga nan na koma waya, har na sayo tsohuwar ordinatar nan a Sakkwato, wadda madannanta biyu sunka fice nake danna su da tsinken ashana. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini JavaScript, harshen da ake rubuta waɗannan fom da shi. Bidiyon Faransanci ne, da na Ingilishi da nake tsintar kalma ɗaya cikin biyar, da taurin kai. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba, kuma da shi za a kai ni kushewa. Sai dai wanda ya koyi hanya shi kaɗai, ramukan da ya faɗa ne kawai ya sani. Sauran suna nan suna jiransa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai game da wanga harshe, har gobe, shi ne ba ya cewa a'a. Zamanin da nake karen mota akwai wani tafinta a bakin iyaka, mutum mai fara'a, wanda bai taɓa cewa bai gane ba. In baƙo ya yi magana ta wuce shi, sai ya ƙaga abin da yake zaton an ce, ya faɗa da murmushi. Rabin lokaci yakan dace, shi ya sa ake ta nemansa. JavaScript ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Duk abin da mutum ya buga cikin akwatin fom, ko da lambobi ne zalla, a matsayin rubutu yake isowa, ba adadi ba. In kin nemi ya yi lissafi da rubutun, ba zai tsaya ya tambaye ki nufinki ba. Zai juya shi yadda ya ga dama, ya miƙo miki amsa fuska a sake. Kin san wannan a littafi, na sani. Ni a fuskokin mutane na san shi, shi ne nake so in ba ki.

Fom na farko da na yi, na direbobin kamiyo ne, tsofaffin abokan aikina, don in lodi ya samu a kira mai layi. Akwai akwatin lambar waya. Na ce a raina, tunda sunanta lamba, bari in sa umarnin nan da ake kira Number ya mayar da ita adadi, in na ga ta juyu na san ba shirme anka buga ba, sai in ajiye. Na gwada da lambata da ta innarki, lafiya lau. Abin da ban tuna ba, mu mutanen bakin iyaka ne. Rabin direbobin nan layin Najeriya ke cikin wayarsu, kuma lambobin can da sifiri suke farawa. Shi kuwa adadi ba ya ɗaukar sifiri a goshi, zubar da shi yake yi, don a wurinsa sifiri da takwas, takwas ne kawai. Sati biyu ana kiran masu layin gida ana ba su lodi, masu layin ƙetare suna zaune gindin itacen bedi suna zargin sakatare da son kai. Saura kaɗan a ba hamata iska. Da na gano, na gyara, na ce musu matsalar rezo ce, wato sabis ɗin waya. Wannan ƙaryar ma ki rubuta ta cikin laifuffukana.

To ga abin da na koya, ki riƙe. Ba duk abin da anka rubuta da lambobi ne adadi ba. Lambar waya suna ce, haka lambar mota, haka lambar katin ɗan ƙasa. Kafin ki juya abu ki tambayi kanki, in na haɗa guda biyu na tara su, amsar tana da ma'ana? In ba ta da, ki bar shi rubutu yadda mai shi ya ba ki, ki duba tsawonsa da siffarsa kawai. Kuma kada ki gwada fom da sunanki da na ƴan ɗakinku ki ce kin gwada. Ki fita ki nemo wanda bai yi kama da ke ba.

Na biyu ya fi ban dariya, shi ya sa na taɓa ba ku labarin rabinsa a gida, rabin da bai taɓa ni ba. Makiyayan wajen Illela sun nemi a rubuta dabbobinsu kafin likitan dabbobi ya zo rigakafi, don ya san yawan allurar da zai ɗauko. Na yi akwati biyu, na manyan shanu da na maruƙa, na sa alamar tarawa tsakaninsu. Ardo Umaru, shugabansu, ya ce a sa masa arba'in da bakwai, wato manya arba'in, maruƙa bakwai. Tafintan nawa ya ga rubutu biyu da alamar tarawa, sai ya liƙa su gefe da gefe kamar tubali, ya ce ɗari huɗu da bakwai. Likita ya iso da akwatunan ƙanƙara cike da mota, yana tambayar ina attajirin nan yake. Ardo ya same ni ranar kasuwa, ya gaishe ni a natse irin tasu, sannan ya ce, «Malam Salisu, in injinka na haihuwa haka, ka ba ni aronsa damina guda.» Har yau in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar shanunsa ɗari uku da sittin da ke hannuna.

Rabin da ban faɗa muku ba shi ne na ƙanen Ardo, a rigakafin da ya biyo baya. Shi da anka tambaye shi yawan shanunsa ya ƙi faɗa, ya ce ba a ƙidaya su da baki, ƙidaya na jawo ido. Mai cikawa ya bar akwatin fanko. Ni kuwa a lokacin na riga na gyara zancen liƙawar, na sa Number a kan kowane akwati, ina jin na gama da shi. Ashe in kin miƙa wa Number akwati fanko, ba ya cewa ba a ba shi komi ba, sifiri yake cewa. Sai takarda ta fito da mutum mai garke a matsayin marar ko akuya, likita bai bi ta rugarsa ba. Da ƙafarsa ya koro shanun har inda ake allurar, ranar ƙarshe, da ya ji labari wurin mata masu tallan nono.

Wannan ya zaunar da ni yini guda a shago ina gwaje-gwaje, na manta da abincin rana, don abin ya ba ni haushi kuma ya ba ni sha'awa. Na ba shi rubutun 12 da rubutun 3 da alamar tarawa, ya ce 123. Na canza alamar zuwa ta ɗebewa, ya ce 9, daidai, kamar ba shi ne ya yi shirmen ɗazu ba. Na tambaye shi ko rubutun 9 ya fi rubutun 10, ya ce ƙwarai kuwa, don harafin farko yake dubawa kamar mai jera sunaye. Na tambaye shi da alamar daidai guda biyu ko fanko da sifiri abu ɗaya ne, ya ce i. Na ƙara alamar ta zama uku, ya ce a'a. Na zauna ina kallon allon ina tunanin wane irin mutum ne ya zauna ya tsara wanga hali, kuma mi yake gudu. Zatona mutum ne mai kunya, wanda ba ya son baƙo ya ji an ƙi shi. In kin haɗu da manyan masana a can ki tambayo mini, da gaske nake, ina so in sani kafin in mutu.

Nasihar a nan biyu ce. Ki yi hulɗa da alamar daidai guda uku, ita ce ba ta juya kowa kafin ta gwada. Ta biyun ta fi girma, kuma ba ta inji kaɗai ba ce: «ban faɗa ba» dabam, «ba ni da shi» dabam. Mutanenmu suna yin shiru saboda kunya, ko tsoron haraji, ko al'ada, ko don tambayar ba ta yi musu daɗi ba. Ki tanadi wurin shiru a fom ɗinki, ki tambayi fanko da tambayarsa, ki tambayi sifiri da tasa. Kada ki bari inji ya amsa a madadin wanda ya zaɓi ya yi shiru.

Yanzu ga layin da kinka ɗora wa yatsa.

Bara, bayan an ɗauke gero, wani proje na tallafa wa manoma ya ba ƙungiyar masu garka ta Badagishiri irin albasa mai kyau, anka ce a raba gwargwadon girman garka. Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyar, ya zo har Ƙonni ya ce ni yake so in yi musu fom, don ya ji labarina. Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata. Na ce musu daga yau ku ajiye kaye da bik, zamanin rubutun hannu a littafi ya wuce.

Da nake gwaji na buga 2,5 a akwatin girman garka, da waƙafi, yadda anka koya mana a lakwal, makarantar boko. Number ya ce NaN, wato wannan ba adadi ba ne a wurinsa, shi ɗigo ya sani. Uwani, ki lura da kyau, a nan ne kaɗai cikin labarin nan duka inji ya gaya mini gaskiya. Ya ce bai gane ba. Ni kuwa na ga baƙaƙen nan uku sun ɓata mini allo, kuma gobe za a nuna wa Alhaji. Na bincika na samu wani mai suna parseFloat, na miƙa masa 2,5 bai yi gardama ba, allo ya yi tsab, na ce madalla. Ban tsaya na duba abin da ya mayar ba. Ashe shi karatu yake yi daga hagu, in ya iske abin da bai sani ba sai ya tsaya nan, ya ba ki abin da ya tsinta. Biyu da rabi ta koma biyu. Na kori mai faɗin gaskiya na ɗauki mai daɗin baki. Daga ƙasa kuma na rubuta layin naki, wanda ke cewa in akwai girma a sa mutum cikin jeri, in babu a tsallake shi, don kada layukan banza su shiga. A wurin JavaScript sifiri da babu duk ɗaya ne in an yi tambayar haka. To mai rabin hekta fa? An buga 0,5, an karanta sifiri an tsaya, an ce babu, an wuce. Ba ƙara, ba jan rubutu, ba komi.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne sakatariyar ƙungiyar a Sakkwato ta yi karatu kafin aure ya kawo ta, da ɗigo take rubutu, kuma ita ta cika kusan duka. Rana ɗaya ce ta tafi suna, Mushe Abdu, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya amma laƙabin Faransancin bai bar shi ba, ya karɓe ta. Shi kuwa ko a mafarki ba zai sa ɗigo inda waƙafi yake ba, ya sha dukan yara a kan haka. Mutum tara ya rubuta a ranar, ƴan ƙarshen fadama. Biyu masu fiye da hekta an rage musu, bakwai sun ɓace.

Shida sun yi ƙorafi wurin Alhaji, ya ce musu injin Malam Salisu ba ya mantuwa, sunka haƙura. Ta bakwai ba ta haƙura ba. Inna Hajo sunanta, tsohuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata garka da jikoki. Ta hau motar kasuwa ta zo har shagona, ta tsaya bakin ƙofa da sandarta, ta ce ita ce wadda anka rubuta gaban idonta kuma anka ce ba a rubuta ba. Akwai mutane a shagon. Na buɗe jerin na juya mata allon, alhali na san ba ta karatun boko, na ce ta duba da kanta. Na ce mata inji ba shi da dangi ba shi da maƙiyi, abin da anka ba shi yake ajiyewa, wataƙila ranar ta zo ta iske an tashi. Ta dube ni ta ce, «Ɗan nan, ni dai na san na zo.» Ta juya ta tafi. Ko ruwa ban ce a ba ta ba.

Bayan motarku ta tashi na dawo shago da niyyar in tabbatar wa kaina kin yi kuskure. Na buga sunan ƙarya, na buga 0,5, na danna. Na duba jerin, ba kowa. Na sake da ɗigo, ga shi ya fito. Na yi haka ya fi sau goma, kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo. Abin mamaki, abin da na fara ji ba kunya ba ce, sha'awa ce, na ce kai, dubi yadda ƙananan abubuwa uku sunka haɗa kai ba wanda ya gan su. Sai daga baya muryar tsohuwar nan ta faɗo mini, na ji shagon ya yi mini ƙunci.

Washegari na hau babur na tafi Badagishiri wurin Mushe Abdu. Ashe bai bi umarnina ba, ya rubuta mutanensa tara a kayensa kafin ya buga su a waya, ya ce shi bai yarda da abin da ba ya iya kaɗa shafinsa ba. Ga sunanta na huɗu, da kyakkyawan rubutunsa, 0,5. Shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta sayi iri a kasuwa wurin wanda ba ta sani ba, a makare, rabi bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma ya yi ta fure maimakon ya yi kai. Babban jikanta da ke taya ta ban ruwa ya ga ba abin tsayawa, ya tafi ci-rani kudu. Sannan ya ƙara mini da wadda ta fi: bana ma za a raba iri, Juma'a za a rufe jeri, kuma dokar ƙungiya ita ce waɗanda ke cikin jerin bara su ne a gaba, sababbi sai in an samu ragowa. Bakwai ɗin nan sababbi ne a idon takarda.

A hanyar dawowa shaiɗan ya hau bayan babur ɗina. Ya ce ai mabuɗin komi na hannunka, ka gyara layin, ka zura sunaye bakwai cikin jerin bara, kowa ya samu irinsa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kuma ka san akwai wani a Tawa da ke neman aikin nan wurin Alhaji. Har na wuce Malbaza ina ganin shawarar ta yi. Sai na tuna tafintan bakin iyaka. Na ga abin da nake shirin yi shi ne ainihin halin da ya jawo wannan duka, a gyara a ɓoye, a miƙa da murmushi. Irin zai isa hannun Inna Hajo, amma za ta ci gaba da zama tsohuwar da ta rikice ta ce ta zo alhali ba ta zo ba, don haka mutanen garinsu ke faɗi shekara guda.

Ranar Alhamis, da hantsi, ƙungiya ta taru a ƙarƙashin rumfar Alhaji. Na sa babbar rigata, don in za a kunyata mutum gara a same shi da sutura. Na nemi a kira bakwai ɗin. Na faɗi abin da ya faru da Hausar da kowa zai gane, na ce injin bai yi ƙarya ba kuma Mushe bai yi kuskure ba, ni ne na koya wa injin cewa abin da bai kai ɗaya ba, ba komi ba ne. Alhaji ya yi ta jan carbi bai dube ni ba. Wani daga baya ya ce ashe boka ma na ciwo, anka yi dariya, na haɗiye. Mushe Abdu ya buɗe kayensa ya karanta sunayen tara ɗaya bayan ɗaya da muryar aji, kuma na ga ya ji daɗin ranar fiye da ranar da anka ba shi lambar ritaya. Anka amince a mayar da su jerin bara. Zancen ko ni zan ci gaba da riƙe musu aikin, Alhaji ya ce sai bayan rabo za su yi shawara. Ban san yadda za ta kaya ba, kuma na iske abin bai hana ni cin tuwo ba kamar yadda na zata.

Inna Hajo ba ta yi dariya da sauran ba. Ta matso ta ce in buga sunanta yanzu tana gani, in karanta mata da ƙarfi abin da injin ya ji. Na riga na gyara shi: yana share sararin da ke gefe, yana karɓar waƙafi ko ɗigo, yana duba siffar abin kafin ya juya shi, in bai gane ba ya tsaya ya yi ja ya ce a sake, in ya gane kuma ya maimaita da kalmomi kafin ya ajiye. Na buga, na karanta mata: Hajo, rabin hekta. Ta sa na maimaita. Sannan ta tambaye ni wa ya gano, tunda ni shekara guda ban gano ba. Na ce ɗiyata ce, mai sunan uwata. Ta ce to ai shi ya sa, uwa ce ke ganin dattin bayan kunnen ɗanta.

Na ce ta yafe mini, kuma ta faɗi abin da zan yi. Ta ce albasar bara ta bara ce, ba mai tono ta. Sannan ta ce, «Amma ranar dashe ka taho. Ka tuɓe wagga riga, ka duƙa tun daga bakin rijiya har ƙarshen shinge. In ka kai, sai ka gaya mini ko rabi ba komi ba ne.»

Na ce zan zo. Innarki ta ce za ta tanadi man zafi.

To Uwani, ga abin da ubanki ke da shi na ba ki, ba gona ba ce ba shanu ba. Duk abin da ya shigo akwatinki rubutu ne, ki juya shi da hannunki, da saninki, sau ɗaya, a bakin ƙofa. Ki fi son kuskuren da ke ihu a kan wanda ke murmushi, in kin ga NaN ki gode masa. Ki tuna ƙasarmu waƙafi take rubutawa, maƙwabtanmu ɗigo, wasu kuma suna barin sarari tsakanin dubu da ɗari, kuma duka za su zo layi ɗaya gabanki. Kada ki raba mutane da kayensu sai injinki ya shekara yana faɗin abin da kayen ke faɗi. Wanda irin wanga kuskure ke ci kullum shi ne mai ƙaramin abu, mai rabi, mai kwata, don babba ko an rage masa yana nan a jeri yana da bakin magana. Kuma in wata rana wani ya yi doguwar tafiya ya tsaya ƙofar buron aikinki ya ce shi dai ya san ya zo, ki ba shi kujera da ruwa, ki buɗe injin ki nemi laifinki kafin ki nemi nasa.

Ƙullin da ke tare da wagga takarda gabu ne, na ganyen albasar garkar Inna Hajo. Ita ta ba ni, ta ce in aika wa yarinyar ta sa a miya, ta kuma ce in gaya miki ba nawa ba ne, kada in taɓa. Ban taɓa ba. Na kuma tura miki shirin gaba ɗaya a wayarki, har da na direbobi da na makiyaya. In kin samu sarari ki bi shi layi layi, duk inda kinka ga abin ɗora yatsa ki ɗora. Wanga karo zan tsaya in ji har ƙarshe.

Maganar da na faɗa miki a shago, ki bar ta nan Ƙonni, kada ki ɗauke ta cikin kayanki.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙofofin alheri, ya tsare mutuncinki da lafiyarki a garin mutane, ya sa hannunki ya zama sanadin samun mai ƙaramin rabo, ya maido mana ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaida gwaggonki da mutanen gidanta duka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Salisu